Saƙar tok a keken saƙa na gida: da hannu, da kati, ko da lantarki?

Keken saƙa mai ƙananan allurai, irin su Brother KH-860 da Silver Reed SK280, allura 200 gare shi, da tazarar milimita 4.5 tsakanin kowace da 'yar'uwarta. Ki cika gadon, wato shimfiɗar da allurai ke jere a kai, kakaf da saƙa filen, da zaren da ke ba da ido 28 (ido shi ne madaukin zaren da kowace allura ke yi) a santimita 10, faɗin da zai fito ɗan sama da santimita 70 ne kawai. Bargon jariri kuwa yana son 80, wani ma 90. Keken nan dai, zaren nan dai, idan aka juya shi zuwa tok, wato saƙar da wasu allurai ke tara zare kafin su saƙe shi, sai saƙar ta baje, ta yi kauri da laushi, ta rage naɗewar nan ta gefe, allura 176 ko 180 su wadatar. Shi ya sa mai saƙa kayan sanyi na sayarwa ba ta rabuwa da tok.

Hanyar yin ta ce ba ɗaya ba. Ana iya zaɓen allurai da hannu, ana iya barin kati mai huda ya zaɓa, akwai keken lantarki, akwai kuma tok na gado biyu. Kafin a auna su sai an fahimci abin da ke faruwa a bakin allura, domin duk wata matsala ta wannan saƙa daga nan take tasowa.

A saƙa filen, kowace allura tana karɓar sabon zare ta saki tsohon ido. A tok, wasu allurai suna karɓar sabon zaren amma su ƙi sakin tsohon. Layi ya wuce, wani ya wuce, zare yana taruwa a ƙugiya, sai a layin da aka ba allurar dama ta saƙe su gaba ɗaya. Tarin nan shi ke tura idanun da ke gefensa waje, saƙa ta yi faɗi, shi ne kuma ke janyo layuka su tattaru, tsayi ya ragu. Adon yakan fi fitowa a bayan saƙar, wato fuskar da ke kallonki lokacin da kike aiki, don haka ita aka fi ɗauka a matsayin gaba.

Dokoki biyu ne suka fito daga nan. Ta farko, a gado ɗaya allura biyu da ke maƙwabtaka ba sa yin tok a layi ɗaya. In suka yi, zaren ya zama doguwar igiya da ba abin da ya riƙe ta a tsakiya, ta zame daga ƙugiya ta faɗo. Ta biyu, ƙugiya tana da iyaka. A ƙananan allurai, zare siriri yana kaiwa layi huɗu, matsakaici biyu ko uku. Aka zarce haka, kan keke, wato abin da ake turawa hagu da dama a kan gado, ya cije ko allura ta lanƙwashe.

Zaɓen allura da hannu

Kowane keke mai iya ajiye allura a gefe yana yin wannan, har da Silver Reed LK150, keken filastik mai allura 150 da tazarar milimita 6.5, da Brother KH-230 mai milimita 9, waɗanda ba su da wurin kati ko kaɗan. Yadda ake yi: a janyo allurar da ake so ta yi tok har ƙarshen gaba, matsayin D a Silver Reed, E a Brother. A saita kan keke ya tsallake duk allurar da ke can. A Silver Reed ledojin Russel biyu ne, wato ƙananan hannuwan saiti da ke jikin kan keke, ake kai wa I, a Brother kuwa H. A saƙa layi biyu ko uku, zare yana kwanciya a kan allurorin da aka janyo. Sannan a mayar da ledojin II, ko N a Brother, a saƙa layi ɗaya ko biyu, komai ya saƙe. A sake zaɓe, a wannan karon a gusa zuwa tsakiyar na baya domin adon ya zama kamar saƙar zuma.

Wannan hanya tana da wata fa'ida da ba kowa ya lura da ita ba. Zaren ba a cikin ƙugiya yake taruwa ba, a kan jikin allurar yake kwanciya, inda akwai fili. Saboda haka tana ɗaukar layuka fiye da abin da kati zai iya: biyar, wani lokaci shida, in an rataya nauyi sosai. Ado mai tudu-tudu irin na hular sanyi, wanda ake so ya tashi a taɓa shi a ji, nan ya fi fita. Ba a kuma ɗaure ki da wani adadi ba. Ado mai maimaituwa duk ido biyar ko bakwai, ko tok a tsakiyar gaban riga kaɗai, duk hannunki ne.

Kuɗin da ake biya lokaci ne. A ce bargo a LK150 ya buƙaci allura 128 da layi 360, ana zaɓe duk bayan layi huɗu. Zaɓe 90 ke nan, kowanne allura 32. Da yatsa ɗaya-ɗaya yini zai tafi. Maganinsa matura: a sami tsohuwar rula ta filastik a yanke mata haƙora daidai tazarar adon. Idan kowace allura ta huɗu ce, haƙori da haƙori milimita 26 a keken 6.5, milimita 18 a keken 4.5, milimita 36 a keken 9. Tura huɗu ko biyar sun gama gado. Duk da haka mantuwa tana nan. A layi na 200 hankali ya tafi wani wuri, a manta ba a mayar da leda ba, ko a zaɓi allurorin da aka zaɓa ɗazu, ba kuma za a gani ba sai saƙar ta sauko ƙasa da gado.

Ga mai saƙa wa 'ya'yanta da jikokinta, da zaren ƙwallo mai ɗan kauri irin wanda ake samu a kasuwa, wannan ya isa har ya yi saura. Ga wadda aka ba odar suwaita ashirin, wahala ce.

Kati mai huda

Nan ne mafi yawan masu sana'a ya kamata su tsaya, don haka za mu ɗan jima.

Katin ƙananan allurai ido 24 ne a faɗi, yana maimaituwa har ƙarshen gado. Adon da zai zauna a kansa dole adadinsa ya raba 24 ba saura: 2, 3, 4, 6, 8, 12 ko 24. Wanda ke jin wannan a matsayin takura bai duba adon tok da kyau ba. Kusan dukkansu ƙanana ne, ido biyu, huɗu, shida, takwas. A tsayi kuwa kati yana bukatar aƙalla layi 36 kafin a iya haɗa bakinsa da maɓallansa ya riƙa zagayawa.

A tok, huda ita ce saƙa, inda ba huda nan ne tok. Mutane da yawa suna juya wannan a kansu, su huda wuraren da suke son tudu, su sa kati, layi uku kan keke ya tsaya cak. Katin tok na ƙwarai in kika ɗaga shi a haske kusan duk huda ne, kamar rariya. Ki bi shi a kwance: kada a sami gurbi biyu marasa huda a jere. Ki bi shi a tsaye: kada marasa huda su haura huɗu a kan juna. Katin adon launi biyu, mai furanni da tsuntsaye, yawanci ba ya cika waɗannan sharuɗɗa, kada a gwada shi. Akwai kuma saitin da ke sa kati ya yi layi biyu kafin ya motsa. Yana ninka tsayin ado, amma yana ninka tarin zare ma: kati mai tok uku ya koma shida, ƙugiya ba za ta ɗauka ba. Kati mai lamba 1 da ke zuwa da keke, mai huda ɗaya a bar ɗaya, shi ne ya dace da wannan saitin, kuma shi ya fi kyau a fara koyo da shi.

Brother da Silver Reed duk ido 24 ne, katin wannan yana shiga wancan, amma yadda suke aiki ya bambanta sosai, kuma a tok bambancin yana da tasiri.

A Brother, bayan an kafa saƙa an yi layuka goma na filen an rataya mataji, wato ƙarfe mai haƙora da ke jan saƙa ƙasa, da nauyi, sai a sa kati a kulle shi a layi na 1. A fitar da kan keke bayan alamar juyawa da ke gefen gado, a murɗa maɓallin sama zuwa KC, a wuce sau ɗaya. Za ki ga allurai sun rabu biyu: wasu sun fito D, wasu sun tsaya B. Na D za su saƙa, na B za su yi tok. A buɗe kati, a danna maɓallan TUCK biyu, a ci gaba. Amfanin wannan tsari shi ne kina ganin layin da za a yi kafin a yi shi. Allura ta yi kuskuren zaɓe, ki gyara ta da yatsa. Kuma keken yana iya fito da allurar ƙarshe ta kowane gefe da kansa, ta saƙa a kowane layi. A wasu samfura KC I ke yin haka, KC II ya bari. A wasu kuma wasu ƙananan abubuwan saiti ne da ake kira kam, a ƙarƙashin kan keke, ke yin wannan aikin. Gefe mai tsabta shi ne rabin kyan bargo, shi ne kuma ke sa ɗinkin haɗa suwaita ya zauna.

Silver Reed ba ya nuna komai. Kansa yana da ganguna biyu masu haƙora da ke ɗaukar ado daga kati yayin da yake wucewa ta tsakiya, zaɓe da saƙa duk a tafiya ɗaya. A kulle kati, a wuce domin gangunan su ɗauka, a buɗe, a kai ledar tsakiya kan alamar tok, ledojin gefe a kan alamar alwatika. Yana da sauƙin turawa, amma abu biyu ne sai an kiyaye. Dole kan keke ya wuce wurin kati a kowane layi, ko da ƙaramin abu ake saƙawa, in ba haka ba ado ya rikice. Sannan allurar gefe ke za ki kula da ita: duk lokacin da tok ya faɗa a kanta, ki janyo ta gaba kafin ki wuce don ta saƙa. Hannu yana sabawa, amma a layi 600 aiki ne. Gangunan nan kuma su ne ke fara daskarewa idan keke ya daɗe a ajiye, tsohon mai ya bushe a ciki. Kafin a saya a kifa kan keken a juya su da yatsa. In ba su juya sumul ba, akwai wanki a gaba.

Wani ƙaramin bambanci: Brother yana karanta kati layi bakwai ƙasa da wanda kike gani, Silver Reed layi biyar. Katin Silver Reed a Brother sai a fara daga lamba 3, na Brother a Silver Reed a fara layi biyu kafin lamba 1. A ƙaramin ado mai maimaituwa ba wanda zai gane, amma a babba za a ga an fara daga tsakiya.

To wanne? In tok ne babban aikinki, Brother ya fi kwantar da hankali saboda ganin zaɓe da kuma gefe. Sai dai kamfanin ya daina ƙera keken saƙa tun shekarun 1990, duk wanda za ki samu na hannu ne, lafiyarsa kuma ta danganta da inda ya kwana. SK280 har yanzu ana samun sabonsa. Tsohon Brother mai lafiya ya fi, amma sabon Silver Reed ya fi Brother da tsatsa ta ci.

A manyan allurai ma haka zancen yake, da ƙari ɗaya: Brother KH-260 katinsa ido 24 ne, Silver Reed SK155 kuwa 12. Ga tok, 12 ba ta rage komai ba sosai.

Lantarki

Brother KH-930 da KH-940 suna zuwa da ado 555 a cikinsu, KH-910 yana karanta zane daga farar takardar roba mai faɗin ido 60, Silver Reed SK840 kuma babu ado a cikinsa, sai an haɗa shi da na'urar karatu ko kwamfuta mai manhaja irin DesignaKnit. Duk suna cire iyakar 24, suna kuma hutar da ke daga huda kati. Abin lura ɗaya: a Brother baƙin gurbi shi ke saƙa, don haka idan kin zana wuraren tok da baƙi sai kin kunna maɓallin da ke juya baƙi ya koma fari.

Amma lantarki bai ƙara wa ƙugiya girma ba. Dokokin nan biyu suna nan daram, kuma adon tok ƙanana ne. Abin da za ki biya kuɗinsa, wato ado mai faɗin gado duka, a saƙar hoto da rubutun suna yake amfani. Ga kuma wuta. Keken kati ko an ɗauke wuta mako guda bai sani ba. Na lantarki ana ɗaukewa zaɓe ya tsaya a tsakiyar bargo. Waɗanda aka yi don Amurka ko Japan wutarsu 100 zuwa 120 ce, tamu 230, a jona kai tsaye allon ya ƙone. Na Ingila sun dace da wutarmu, amma allunansu sun tsufa, mai gyaransu kuma ba a kowane gari yake ba. Wadda ke son rubuta sunan makaranta a suwaita tana da dalilin saye. Don tok kaɗai, asarar kuɗi ce.

Gado biyu

Idan aka ɗaura gadon ƙasa, KR-830 ko KR-850 a Brother, SRP60N a Silver Reed, wata ƙofa ta buɗe. A jera allurai ɗaya sama ɗaya ƙasa kamar za a yi rib na bakin hannu. A sa gado ɗaya ya yi tok a tafiya ɗaya ya saƙa a dawowa, ɗayan ya saƙa kullum: an sami rabin rib mai kauri, fuska ɗaya da ƙwayoyi masu tudu. A sa na sama ya yi tok in an tafi hagu, na ƙasa in an tafi dama: an sami cikakke, gaba da baya iri ɗaya, ba ya naɗewa ko kaɗan. Babu kati a nan, babu zaɓe. Mayafin wuya da hular sanyi ba su da abin da ya fi wannan. A gado biyu dokar maƙwabtaka ma tana sassautawa, tunda allurar ƙasa tana kama zaren da ke tsakani.

Yana cin zare, yana son nauyi mai yawa, kuma idan ido ya faɗi tsakanin gadajen ba a gani sai an yi nisa. Passap na Suwizalan, Duomatic 80 da E6000, da gado biyu aka gina shi, tazarar milimita 5, yana danna saƙa ƙasa da wasu ƙarafa a maimakon nauyi, kuma a irin wannan saƙa ba a kai shi. Sai dai tsarinsa daban ne gaba ɗaya, an daina ƙera shi, kayansa ba sa shiga na Japan. Ba keken farawa ba ne.

Zare shi ke zaɓen keke

Kuskuren da ya fi tsada shi ne a sayi keke tukuna sannan a je neman zare. A tok abin ya fi tsanani, tunda zare uku ko huɗu ne za su kwana a ƙugiya ɗaya. Zaren da keke ke saƙawa filen da ƙyar, ba zai yi tok da shi ba. Ki sauko mataki ɗaya a kauri.

Zaren kwano na akirilik mai lamba 2/28 yana da mita 1,400 a giram 100, mai 2/30 kuma 1,500. A ƙananan allurai, haɗa biyu yana ba da tok mai laushi da ke ɗaukar layi huɗu, daidai kayan jariri. Haɗa uku ya fi dacewa da suwaita, amma a tsaya a layi biyu, in an matsa uku. Zaren ƙwallo na saƙar hannu na LK150 ne ko keken milimita 9, kuma sai an sake naɗe shi ya riƙa warwarowa ba tirjiya. Auduga ba ta miƙewa, tarin zaren ba ya ba da kai, don haka a rage layukan tok a ƙara nauyi. Zare mai gashi ko mai launi barkatai yana haɗiye adon. Zare sumul mai haske shi ke nuna shi.

Lambar tauri, wadda ake murɗawa a kan keke don girman ido, ba ta da doka ɗaya. A fara daga wadda zaren ke so a filen, a gwada ɗaya ƙasa da ɗaya sama. In ta yi tsauri, tarin ba ya sauka daga allura. In ta yi sako-sako, zare ya yi tsalle ya fita, adon kuma ya baje ya rasa tudu. Gwajin ya zama babba, allura 60 da layi 100, a cire, a ja shi ta tsayi, a bar shi ya kwana kafin a auna, domin tok yana ci gaba da tattaruwa bayan an sauke shi. A ce ya ba da ido 22 da layi 60 a santimita 10. Bargo mai 80 da 100 zai ci allura 176 da layi 600, inda filen zai tsaya a wajen 400. Ki lissafa wannan a farashi: lokaci ya ƙaru, zare ma ya ƙaru. Ki auna nauyin gwajin a sikeli, ki ninka da girman abin, ki sayi zaren duka a lokaci ɗaya don kada launi ya saɓa.

Inda take ɓaci

Idan tok yana zubar da ido nan da can ba tsari, kafin a zargi kati a zaro sandar soso. Ita ce doguwar sandar da ke cikin gado tana danne allurai. Sosonta in ya mutu ya lafe, allurai su ɗaga kai, filen ya wuce da ƙyar, tok kuwa ya tona asiri nan take. Zafin ƙasarmu yana saurin kashe shi. Soso mai rai yana tasowa sama da bakin ƙarfen, in an danna ya dawo. Lokacin mayarwa soso yana kallon ƙasa, ana danna allurai da rula ana turawa.

In kuwa a wuri ɗaya ido ke faɗuwa, layi bayan layi, allurar ce: harshenta ya lanƙwashe ko ya yi tauri. A canza ta da ɗaya daga can ƙarshen gado.

Zare ya taru a kan allurai ya ƙi sauka, saƙa tana tasowa sama: nauyi ne bai isa ba. Tok yana tsiro a hankali kuma yana kumbura, ba ya jan kansa ƙasa kamar filen. Mataji mai nauyi a ƙasa, ƙananan nauyi masu farce a gefe biyu, a riƙa ɗaga na gefen duk layi 20 ko ƙasa da haka. A kifa farantin gaban kan keke a duba burusai da tayoyinsa: zare yakan naɗe a gindinsu su daina juyawa, daga nan sai madauki a gefe. Samfuran da ke da burusan tok na musamman, a sa su a aiki. A kuma rage gudu. Tafiya ɗaya, ba fizga, kada a wuce gefen saƙa da nisa.

Lokacin hunturu, wanda shi ne lokacin ciniki, yana zuwa da nasa. Busasshiyar iska tana sa akirilik ya riƙa mannewa yana tartsatsi, kan keke ya yi nauyi, ƙura kuma ta haɗu da mai ta zama laka. A share gado da burushi kullum, a goga man keken ɗinki kaɗan a tsumma a shafa a dogo da gindin allurai, a bar zare ya bi ta kan guntun kyandir a sandar zare, a rufe keke in an tashi. Man gyaɗa ba ya cikin wannan zance. Yana danƙarewa ya kama komai.

Kan keke ya cije a tsakiya, kada a tilasta. A saki kan, a fitar da shi, a warware layin. Warwarar tok tana son natsuwa, domin sai an mayar wa kowace allura adadin zaren da take riƙe da shi a wancan layi. Ya fi sauƙi a warware har zuwa layin da komai ya saƙe. A ƙirga layukan, a mayar da kati baya daidai adadin, a kulle shi, a wuce da kan keke ba zare ba saƙa don ya sake ɗaukar ado, a gyara ma'aunin layi, sannan a buɗe. Ragin hammata da wuya ma a irin wannan layi ake yin sa. Rufe baki kuma a yi shi sako-sako, tunda saƙar ta fi filen faɗi. Bakin da ya matse yana tattare bargo kamar bakin jaka.

Guga ita ce ta ƙarshe mai kashe aiki. Dutsen guga ya taɓa akirilik, tudun ya kwanta har abada. Tururi daga nesa, a shafa da tafin hannu, a bari ya huce a shimfiɗe.

Wa ya dace da wanne

Mai bargon jariri, suwaitar makaranta da kayan suna na sayarwa: ƙananan allurai da kati. Da shi za ki iya ƙara launi biyu, kina canza zare duk layi biyu, ado ya fito ba igiyoyi a baya da yatsun jariri za su maƙale. Na'urar canza launi, KHC-820 a Brother ko YC6 a Silver Reed, tana zama a hagu ta sauƙaƙa wannan, amma hannu ma yana yi. Da shi kuma ake tok mai ramuka na shawul: a mayar da wasu allurai can baya, matsayin A, su fita aiki, a kashe zaɓen allurar ƙarshe, in ba haka ba kowace allura da ke kusa da gurbi keken zai ɗauke ta a matsayin ta gefe ya ɓata adon.

Mai saƙar gida da zaren ƙwallo, ko mai son hula mai manyan tudu: LK150 da matura. Mai mayafin wuya da hula da yawa: ta ƙara gadon ƙasa a kan keken katin da take da shi, ya fi mata sayen keke na biyu.

Ranar sayen na hannu ki tafi da zarenki da kati mai lamba 1. Kada ki yarda da gwajin filen a allura ashirin na tsakiya. A kafa aƙalla allura 150, a yi layi 40 na tok a gabanki, a sauke, ki ɗaga saƙar a haske ki bi kowane layi na tsaye da ido. Ki ƙirga abin da ke cikin akwatin: mataji, nauyi masu farce, maɓallan haɗa kati, abin kwashe ido, sandar zare da ƙarafan ɗaure keke a tebur. Na'urar huda kati ba ta cika zuwa da keke ba, ki tambayi kuɗinta daban tun kafin a gama ciniki.